Babi na Bakwai: Takarda Biyu, Badala Ɗaya

Ya shimfiɗa jakar leda a kan murfin motarsa, ya shiga zaro takardu ɗaya bayan ɗaya. Ga takardar da aka ba shi fili. Ga rasiɗan kuɗin ƙasa na shekara uku. Ga zanen gini, an buga masa hatimi an sa hannu. A bayansa shaguna huɗu ne a jere, an kai su linta ba a kai ga rufi ba, kowanne an shafa masa jan fenti a goshi, alamar rusau na tafe.

"Don Allah malam, duba mini," in ji shi. "Wacce ce ta jabu a cikin nan?"

Tare muka yi firamare da shi a cikin gari. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, kuɗin sallamarsa ne kaf ya zuba a wurin nan don ya riƙa samun na cefane idan ƙarfi ya ƙare. Na karɓi takardun na jujjuya, na rasa abin da zan ce masa, sai na zagaya bayan shagunan. A nan, inda aka haƙa harsashi, katafila ta yanki gefen wani tudun jar ƙasa wanda tsayinsa bai fi na mutum biyu ba. A cikin yankan kana ganin tubala sahu-sahu, kowanne tsininsa a sama, wasu har da shatin yatsun wanda ya mulmula su. Badalar Kano ke nan, ko in ce abin da ya rage daga gare ta a wannan gefe.

Abokina bai yi ƙarya ba, takardunsa na hukuma ne. Sai dai akwai wata takardar, ita ma ta hukuma, wadda ta girme wa nasa da fiye da shekara sittin. Ba ta cikin jakarsa, ba kuma wanda ya nuna masa ita ranar da ya biya kuɗi. A 1959, ana jajibirin samun 'yancin kai, aka ayyana ganuwar Kano da ƙofofinta a matsayin kayan tarihi na ƙasa, waɗanda doka ta hana a taɓa. Ba a taɓa soke wannan takarda ba. Rigimar da ake yi a kan badala tun daga wancan lokaci har yau, da ita da jan fenti da zaman kotu da kukan masu shaguna, duk daga tsakanin waɗannan takardu biyu take fitowa.

Kafin mu shiga maganar doka, bari mu san abin da ake rigima a kansa. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar, har ya yanka shanu ɗari ranar da aka soma aiki. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta lokacin da ya gina gidan sarautar da har yanzu ake kira da sunansa, aka sake ƙara mata faɗi a ƙarni na 17. Da Baturen nan Clapperton ya zo a 1824, ya kimanta zagayenta da mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya ƙirga ƙofofi 15. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka iso, Sarki Alu yana Sakkwato. Sun buga igwa a jikin bangon, ƙasar ta shanye harsashin, dole suka koma kan ƙofa, ta Kabuga suka samu shiga. Shi kansa Gwamna Lugga ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba, ya ba da tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40.

A asalin Hausa, ganuwa ita ce bangon, badala kuwa dakalin da ke jikinsa ta ciki, inda mayaƙa ke tsayawa su leƙa waje su yi harbi. Kanawa ne suka ɗauki sunan dakalin suka ba bangon duka, har ya zama abin da mutum ke faɗin asalinsa da shi. Idan aka ce wane ɗan cikin badala ne, an gama magana. Ina ganin wannan ma wani abu ne da ya kamata ya tsaya mana a rai: muna tinƙaho da sunan, alhali abin da ya ba mu sunan yana narkewa a gabanmu.

Ginin ƙasa mai rai ne, kullum yana son hannu. Kowace damina sai ta zaftare wani abu daga jikinsa, kowane rani kuma sai an mayar. Dattawa sun ba mu labarin cewa da kaka ta yi, sarki kan raba bangon ga hakimai, kowa da yankinsa, ya zo da mutanensa a yi gayya da kiɗa, a cuɗa ƙasa a yi yaɓe. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, yana rufewa da almuru ya buɗe da asuba. Da Turawa suka ci gari, yaƙi ya ƙare, gayyar ma ta mutu. Wato tun kafin a rubuta takardar 1959, bangon ya riga ya yi fiye da shekara hamsin ba mai yi masa yaɓe. Takardar ta hana a taɓa shi, amma ba ta dawo da hannun da ke ciyar da shi ba.

To ga yadda takardun biyu suka rabu. Kula da kayan tarihi na ƙasa yana hannun gwamnatin tarayya, ta hukumar gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa. Ofishinta na Kano yana Gidan Makama, tsohon gidan da Rumfa ya zauna, inda aka ajiye wasu daga cikin ƙyamaren ƙofofin na asali. Dokarta ta ce ba mai rusawa, ko sauyawa, ko haƙa a jikin abin da aka ayyana sai da izininta. Amma shekara guda kafin wannan, a 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna, amana. Shi ke ba da shaidar mallaka a birni, shi ke soke ta. Izinin gini kuma hukumar tsara birane ta jiha ke bayarwa. Gwamnatin tarayya ta yi dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya a 1992, har da tanadi a kan gine-ginen tarihi, amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Daga nan abin ya fito fili. Bangon na Abuja ne, ƙasar da yake zaune a kai ta gwamna ce. Mai bangon ba shi da katafila, ba ya cikin ɗakin da ake zana fuloti. Mai ƙasar kuwa yana da duka biyun, ga kuma mutane a ƙofar ofis suna jiran fili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuma doka ce da kanta ta yi ta.

Ranar da kowa ya ga girman tsagar ita ce ranar da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010. Ƙofa ce mai shekara ɗaruruwa, ta ƙasa da azara. Gwamnatin jiha na faɗaɗa titi, ƙofar ta tsaya a hanya, aka sa mata katafila. Hukumar kayan tarihi ta yi kuka cewa ba a nemi izininta ba. Kukan ya fita a rediyo da jaridu, har na ƙasashen waje, amma ƙofar ta riga ta zama ƙura. Daga baya aka gina wata a wurin, mai faɗin da mota za ta wuce.

Ba zan yi kamar masu faɗaɗa titin ba su da hujja ba. An gina ƙofofin nan ne daidai raƙumi da kayansa, an kuma matse su da gangan don kada maƙiyi ya shigo da yawa lokaci guda. Da Baturen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya kimanta mazaunanta da dubu 30, su kai dubu 60 lokacin fatauci, kuma babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne. Yau miliyoyi ne ke shiga da fita. Duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga cikin gari a cikin A-daidaita-sahu, ya tarar da cunkoso a bakin ƙofa, ba zai so a yi masa wa'azin tarihi a wannan sa'a ba. Gari na buƙatar hanya, wannan gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hanyar ba ta da inda za ta bi sai ta kan ƙofar. Magabatanmu sun gamu da irin wannan matsi, suka yi dabara. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da motoci suka fara yawa, sabuwar mashiga aka yanka, ita ce Sabuwar Ƙofa. Ƙofar Famfo ma sunanta ya faɗi dalilin buɗe ta. An taɓa bangon, amma an bar tsofaffin ƙofofi a tsaye. Da an zauna da masu kula da kayan tarihi kafin a zana titin Na'isa, da an iya karkata shi kaɗan. Zaman ne ba a yi ba, domin babu abin da ya tilasta a yi shi.

A shekarun da suka biyo baya an sake gina ƙofofi da dama da siminti da rodi, an yi musu zayyana da fenti. Gadar sama ta hau Ƙofar Nasarawa, an haƙa ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga. Ƙofofin sun yi kyau a hoto, kuma na san akwai masu jin daɗin ganinsu da zuciya ɗaya. Amma yaron da ya taso yana wucewa ta ƙarƙashinsu ba zai taɓa sanin sanyin da ke cikin zauren ƙofar ƙasa da tsakar rana ba, ba zai ga lungun da aka lanƙwasa bango don mai kai hari ya shiga tsakanin kibau ta dama da hagu ba. Ilimin da ke cikin ƙofa yana jikin ƙasarta da fasalinta. Idan aka sauya su biyun, suna kawai ya rage a allo.

Sannan aka zo kan fuloti. Wanda ya san titin da ya tashi daga Ɗan'agundi ya bi ta Na'isa da Gadon Ƙaya da Famfo da Dukawuya zuwa Kabuga shekara ashirin da suka wuce, ya san bango ne ke raka shi a hannu ɗaya, da kududdufai a gindinsa. Waɗannan kududdufai ramukan da aka ɗebi ƙasar ginin ne, su ne kuma gwalalon da ya tsare bangon, su ne ke shanye ruwan damina na unguwannin da ke kusa. Zamanin gwamnatin Abdullahi Ganduje, tsakanin 2015 da 2023, aka yi ta cike su ana yanka filaye, shaguna da gidajen mai da benaye suka tashi har suka rufe bangon daga idon mai wucewa. Mutane sun yi magana, malaman jami'a sun yi rubutu, aiki bai tsaya ba. Da Abba Kabir Yusuf ya ci zaɓe a 2023, tun kafin a rantsar da shi ya fitar da gargaɗi cewa duk mai gini a filin makaranta, ko maƙabarta, ko masallaci, ko jikin badala, ya dakata. Kwanaki kaɗan bayan rantsuwar 29 ga Mayu rusau ya fara: Filin Sukuwa, otal ɗin Daula, shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata. Aka shafa jan fenti a gine-ginen jikin badala, masu su suka garzaya kotu. A watan Satumba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya a Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

A duba wannan lissafi da kyau. Gwamnati ta sayar da filin da bai kamata ta sayar ba, ta karɓi kuɗi. Gwamnati ta dawo ta rushe, ta biya kuɗin katafila. Kotu ta ce a biya diyya, aka ɗebo daga baitulmalin jama'a. Mai shago ya yi asara, talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba ya biya tara da kuɗin asibitinsa da makarantar ɗansa. Wurin da aka haƙa bai koma yadda yake ba. Mutum ɗaya ne bai ji a jikinsa ba, wanda ya ɗauki biro ya sa hannu a kan fili yana sane da abin da ke kansa. Wannan ne ke ci mini rai fiye da komai a cikin lamarin. Muddin sa hannun nan ba ya jawo wa mai yin sa komai, kowace gwamnati za ta iya yanka, ta bayanta ta rushe, ta bayan wannan ta sake yanka.

An ma ji gwamnati a lokacin tana cewa za a yi amfani da ɓaraguzan gine-ginen da aka rushe a gyara badala. Na yarda niyyar kirki ce, amma duk maginin gargajiya zai gaya maka ƙasa ba ta zama lafiya da siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi ya fitar. Idan aka cusa masa ɓaraguzan bulo, ko aka lulluɓe shi da filasta, ruwa zai shiga ya rasa mafita, ya riƙa cin sa ta ciki har ranar da zai zube gaba ɗaya.

A wasu ƙasashe an gane cewa tara ba ta hana mai kuɗi rusa abin tarihi, domin yakan sa ta cikin kuɗin aiki ne kawai. A birnin Landan akwai wata tsohuwar mashaya, Carlton Tavern, wadda wani kamfani ya nemi izinin rushewa don ya gina benaye, aka hana shi. A watan Afrilun 2015, ana dab da sa ginin cikin jerin waɗanda doka ta kare, kamfanin ya turo katafila ba izini. Ƙaramar hukumar Westminster ba ta tsaya kan tara ba, ta ce sai ya mayar da ginin yadda yake, bulo bayan bulo. Ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba, aka sake gina wurin, aka buɗe shi a 2021. Gidan giya ne wanda bai cika shekara ɗari ba lokacin da aka rushe shi. Tamu ganuwar ta haura shekara ɗari takwas. Abin da ya bambanta mu shi ne, a can ofishin da ke ba da izinin gini shi ne kuma ke tsare ginin tarihi, takarda ɗaya ce a hannu ɗaya.

Amma kada mu ɗauka tsanani kaɗai zai yi magani, domin ba duk mai cin badala ne mai bene ba. Akwai tsohuwar da ɗakinta ya faɗi da damina, jikokinta suka je da baro da dare suka sari jar ƙasa daga bangon, don ita ce ƙasar da ba a saya. Akwai magidancin da 'ya'yansa suka girma, gida ya yi kaɗan, ya jingina ɗaki ɗaya a jikin bangon. Akwai unguwar da ba ta da inda za ta zuba shara. Mutanen Djenne a Mali sun san wannan ciwo. Tun 1988 garinsu ke cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, kuma sun daɗe suna ƙorafin cewa an hana su sauya fasalin gidajensu na ƙasa, alhali su ne ke kwana a ciki da iyalansu. A 2006 har tarzoma aka yi da aka ga baƙin ma'aikata a kan rufin babban masallacinsu ba a sanar da jama'a ba. Duk da haka masallacin yana nan tsaye, domin kowace shekara gari duka ke fitowa, maza da mata da yara, a yi masa yaɓe rana ɗaya. Inda aka bar abin a hannunsu ya rayu, inda aka yi musu umarni daga nesa aka samu rigima. Ita ma Kano an sa ganuwarta, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007. Har yau tana kan layin jira, abin da za a nuna wa masu dubawa kuma yana raguwa kowace damina.

Abin da nake ganin ya wajaba ba shi da wuyar faɗa. A auna abin da ya rage, a kafa masa duwatsun iyaka da kowa zai gani, a sa shi cikin taswirar ma'aikatar ƙasa ta jiha yadda ba fulotin da zai fita a kansa. A yi dokar jiha da za ta ce izinin gini a kusa da badala ba ya inganta sai da sa hannun masu kula da kayan tarihi, jami'in da ya tsallake wannan kuma shi zai amsa da kansa. Wanda ya saya da takarda ta gaskiya, kamar abokina, a musanya masa fili kafin a taɓa masa bulo ɗaya. Sannan a koma wa masu unguwanni da Sarakunan Ƙofa da Sarkin Magina, a ba kowace unguwa yankinta da abin yin aiki, kamar yadda aka yi shekara ɗaruruwa.

Bayan na bar abokina ranar, na bi ta wani lungu a cikin gari inda wani tsohon magini ke gyara zaure. Ya jiƙa ƙasarsa kwana da kwanaki da ciyawa a ciki har ta ruɓa ta yi danƙo, yaransa biyu na tattaka ta da ƙafa. Shi kuma yana zaune a kan bangon, ana jefo masa curi daga ƙasa yana cafewa ba ya ko dubawa. Na ba shi labarin tubalan da na gani a cikin yankan katafila, na tambaye shi ko za a iya mayar da irinsu.

Ya ce, "Ƙasar tana nan, ɗana. Ɗorawar da za a yi makuba ma ba ta ƙare a daji ba." Ya cafe wani curin ya danna shi tsakanin tubala biyu, ya shafe da tafin hannu. "Masu hannun ne muke ƙarewa. Yaran nan biyu da kake gani, ɗaya ya ce mini in an gama zauren nan zai koma buga bulo."